Naman Tsakiyar Kwano

Wata biyu na yi a Tamanrasat kafin in gane abin da ke cina a rai. Ciwon baya na san dalilinsa, ɗaukar bulo ne. Tsagewar tafin hannu kuma siminti ne. Amma akwai wani ciwon da na rasa inda zan dafa in ce ga shi. Sai wata safiya mai aikin ya leƙo daga saman bene ya ce, "Kamarad!" Mu goma sha wani abu duk muka waiga tare. A nan na gane. Rabona da in ji wani ya ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, tun a tashar Tasawa.

Sunana Lawali, mutumin Korgom. Shekara bakwai ina riƙe da alli a wata lakwal, wato makarantar boko, ta karkara tsakaninmu da Bawdeta, aji na zana, allo jingine da icce. Malamin kwantiragi ne ni, irin waɗanda albashinsu ke tafiyar hawainiya. Shekarar da gero ya ƙi, ga matata Rabi da ciki na uku, na ajiye alli na bi masu zuwa arewa neman aiki. Amma a gida, ko aljihuna ba ko dala, in na hau kabu-kabu zuwa kasuwa tsofaffi na ɗaga mini hannu su ce, "Mushe, an fito?" A Aljeriya kuwa duk baƙin mutum sunansa ɗaya, Kamarad, kamar yadda duk jakin da ke jan amalanke sunansa jaki.

Ba zan ba da labarin hamada ba, wasu sun riga ni, kuma sun fi ni iya sa gishiri. Abin da zan ce kawai, direban da ya ɗauko mu ya sauke mu da hantsi, ya nuna wani dutse ya ce gari na bayansa, ya juya motarsa ya tafi. Bayan dutsen wani dutsen ne. Yini da rabi muka taka kafin mu ga rufin gida. Har yau in na tuna fuskarsa ba na iya yi masa addu'ar alheri, na gwada.

A wurin ginin da na fara aiki akwai wani tsohon Buzu mai gadi, Agali, wanda danginsa ke kiwo a wajen garin Sarkin Hausa, can ƙasarmu. Da ya ji ina tsaki da Hausa sai ya tambaye ni ɗan ina ne. Na ce Korgom.

"Ashe ɗan gida ne," ya ce. "Raƙumanmu sun sha cin karan gonarku."

"Sun sha ci," na ce, "har da wanda ba a girbe ba."

Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ya ba ni shayi kofi uku kamar yadda suke yi, ya ba ni wani tsohon bargo mai warin hayaƙi. Da zan ci gaba zuwa arewa na mayar masa, ya ƙi karɓa, ya ce sanyin da ke gabana ya fi wanda na sani. Bai yi ƙarya ba.

Zangona na biyu Gardaya ne, a wata gonar dabino. Mu shida, muna ban ruwa muna hawa muna saukowa, ƙayar dabino na yi mana zane a hannu. A can ne wata rana mai gona ya kawo mana burodi naɗe a shafin jarida ta Faransanci. Sauran suka kai hannu ga burodi, ni idona na kan takarda. A bayanta akwai abin da ake kira mo kurwaze.

Ga wanda bai san shi ba, akwati ne da aka tsaga gida-gida, wasu gidajen baƙaƙe, sauran farare. A gefe sai a ba ka bayani a dunƙule kamar kacici-kacici, kai kuma ka nemo kalmar ka zuba harufanta, harafi ɗaya gida ɗaya, wasu kalmomin a kwance wasu a tsaye, suna sarƙe da juna. Akwai masu sauƙi, na 'yan lakwal. Akwai kuma irin wanda mai shirya shi ke ɓatar da kai da gangan, ya nuna maka gabas alhali abin yana yamma. Wannan na biyun shi ne abin sona, kuma na san wanda ya sa mini cutar.

Mushe Illa ke nan, tsohon daraktan lakwal da ya yi ritaya a Tasawa. Lokacin da nake koles, makarantar gaba da firamare, nakan wuce ta ƙofar gidansa in same shi ƙarƙashin bedi da tsofaffin jaridun da direbobi ke kawo masa daga Yamai. Ya ga ina yawan leƙe, ya ce in zauna. Dokarsa ta farko, da kireyo ake yi, wato fensir, don kireyo ana gogewa. Bik, wato biro, na masu girman kai ne. Abu na biyu kuwa shi ne wanda ya jawo wannan labarin. A kowane akwati akwai kalma guda mai tsawo da ke ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, a nan mai shiryawa ke zuba duk wayonsa. Mushe Illa na kiranta naman tsakiyar kwano. To mu a gidajenmu an san yadda ake cin tuwo da babba. Ka ci gabanka, naman da ke tsakiya ba ka kai masa hannu sai ya turo maka. Ba wanda ya taɓa ce mini in yi haka da jarida, tarbiyya ce kawai ta bi ni har can. Sai in cika komai in bar layin nan fari, ko da na san amsarsa tun farko. Shi kuma ya gyara tabarau ya rubuta a hankali, yana taɓe baki kamar mai tauna. Ran da ya ji daɗina sai ya turo jaridar da yatsa ɗaya ya ce, "Ɗauki naman, Lawali." A shekara huɗu bai fi sau biyar ya faɗa ba, kuma ina iya lissafo ranakun.

Na goge garin burodi daga takardar nan ta Gardaya, na samo guntun kireyo a wurin mai gona, na zauna gindin dabino lokacin hutun rana. Wani abokin aikinmu, Habu, mutumin wajen Mayahi, ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo.

"Kai Lawali, ashe malam ne kai ka ɓoye muna? Wanga hatimi na mi ne?"

Na ce wasa ne na 'yan boko. Ya ce in raina wa wani hankali, mutum ba shi zama shina zana gida-gida shina zuba baƙi shi ce wasa shikai. Ya roƙe ni don Allah in yi masa na farin jini wajen mai gona. Har muka rabu bai yarda ba, yana ganin rowa na yi masa.

Na cika akwatin cikin hutu biyu. Amma amsa a jaridar washegari take fitowa, ni kuwa washegarin ba ta taɓa zuwa hannuna ba. Ban san inda na yi daidai ba, ban san inda na kauce ba, ba wanda zai ce madalla, ba wanda zai ce ka yi shirme. Kamar mai kacici-kacici shi kaɗai, ya tambaya ya amsa, ba mai ba shi gari. Na duba sai na ga na bar dogon layin fari, alhali ba kowa a gonar da zai cika shi. Ranar kewar gida ta kama ni fiye da kullum, har na kasa cin burodin.

Da kakar dabino ta wuce na hau mota zuwa Wahran, bakin teku. Ruwan sama a lokacin sanyi, abin da ban taɓa gani ba. A wajenmu ruwa da ɗumi yake zuwa. Muna kwana a wani benen da ba a gama ba, ba ƙofa ba taga, bargon Agali ne gatana. Bayan wata guda ina ɗaukar yashi, Allah ya haɗa ni da wani mai kafe, wato shagon shan kofi, da ke neman mai shara da wanke kofuna. Ya ɗauke ni don ina jin Faransanci. Sharaɗinsa biyu, kada in zauna a kujerar baƙi, kuma in mutane sun cika in tsaya a baya wurin famfo. Ba mugu ba ne, tsoron bakin unguwa yake.

A satin ne Rabi ta haihu, mace. Na kira ta a waya, tana ba ni labarin suna, wa ya zo wa bai zo ba, inna ta ce jaririyar hancina ta ɗauko. Ta tambaye ni ina lafiya, na ce lafiya lau. Me zan ce mata? In ce ina cikin gari mai mutane kamar tururuwa amma sai in yini ban furta kalma goma ba? Wanda ke fama da hatsin gida ba a kai masa kukan kaɗaici.

Akwai wani tsoho da ke zuwa kafen kullum ƙarfe tara. Dogo, siriri, da kwat mai ruwan toka wadda ta ga shekaru. Teburinsa ɗaya, na kusa da taga. Sai ya shimfiɗa jarida, ya fito da gilashin ƙara girman rubutu da jan bik, ya duƙufa a shafin baya har sha ɗaya. In ya tashi sai ya bar jaridar. Rana ta farko da na ɗauka zan jefa a shara, sai na ga gefen akwatin cike da jan rubutu. Kusa da wani bayani ya sa, "Ragwanci ne." Kusa da wani, "An sato shi daga na makon jiya." Wani kuma, "Madalla, wannan ya sha kaina." A ƙasa ya ba mai shirya akwatin maki a kan ashirin, ya ja layi biyu. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina murmushi ni kaɗai. Barewa ta san sawun barewa, malami kuma ya san hannun mai gyara.

Mai kafe ya ce sunansa Ammi Tahar. Ammi shi ne kamar mu ce Baffa. Duk rayuwarsa a maɗaba'a ya yi, shi ke farautar kuskure kafin a buga. Yanzu kowane mako sai ya rubuta wa jaridar wasiƙa a kan akwatunan da suka fitar, wanne ya yi kyau wanne ya yi ha'inci. Ko suna karantawa, Allah masani. Matarsa ta rasu, idonsa kuma na tafiya.

Ranar ya bar kalma uku bai cika ba. Da rana ta yi, kafe ya yi shiru, na tsaya wurin famfo na cika biyu da kireyo. Ta ukun ita ce doguwar. Na san ta, na bar masa. Washegari kafin tara na ajiye jaridar a teburinsa, na danne da kwanon sukari, na koma baya ina leƙe kamar ɗan lakwal mai jiran sakamakon jarrabawa. Ya zo, ya gani, ya kai gilashinsa. Ya daɗe. Sannan ya ɗaga kai ya bi mutanen kafe da kallo ɗaya bayan ɗaya, ɗaliban jami'a, wani mai kantin magani, wani sanye da kwat. Idonsa ya bi ta kaina ya wuce kamar yadda ya wuce tsintsiyar da ke jingine. Da ya tafi na ɗauko. Ya cika dogon layin da jan bik, a gefe kuma ya rubuta, "Wa ya taɓa mini jarida? Duka biyun daidai ne. Rubutu mai tsabta."

Ban san sau nawa na karanta ba. Wata takwas ke nan da barina gida, kuma wannan ne karo na farko da wani ya yi magana da kaina, ba da ƙarfin bayana ba.

Daga nan abin ya zama al'ada. Ya yi rabi ya bar rabi, in cika da rana, da safe ya duba ya sa jan bik. Ya raɗa mini suna Mai Kireyo. Gefen jarida ya zama dandalinmu. Sai ya rubuta, "Ka yarda da bayani na huɗu a tsaye?" In amsa cewa bai yi adalci ba, kalmar ba ta kai wannan ma'anar sai an ja ta da igiya. Washegari in ga, "Haka na gani. Na sa a wasiƙa." Ni Lawali mai wanke kofi, ra'ayina ya shiga ambulan ya tafi babban birni. Ni ma bai bar ni ba, yakan ba ni maki. Sha huɗu, sha biyar, ran da na yi gaggawa na sa harafi ba daidai ba ya ba ni tara ya rubuta, "Ina hankalinka ya tafi?" Na ji daɗin faɗan nan fiye da yabon wani. Wata rana na rubuta masa cewa mai shirya akwatin Alhamis ya fi na sauran ranaku kunya, ba ya ƙarya, ɓuya kawai yake. Ya ja layi ƙarƙashin maganar ya sa, "Zan ara."

Fiye da wata biyu muna haka, ba mu taɓa haɗa ido ba. Za a ce me ya hana ni fitowa in ce ni ne. Tsoro ne, ba wani abu ba. A gefen jarida ni Mai Kireyo ne, mai ra'ayi, wanda ake tambaya. In na fito, Kamarad ne mai tsumma a kafaɗa. Na gwammace in ci gaba da zama mutum a takarda.

Sau ɗaya ya tambaye ni a gefen jarida, "Me ya sa kullum kake barin dogon layi?" Na rubuta masa, "Naka ne." A ganina na gama bayani. Da Mushe Illa ne, ko wannan ma bai buƙata.

Amma idonsa na ƙara lalacewa. Harufansa suka fara fita daga gidajensu, rabin da yake yi ya koma kashi ɗaya cikin uku, ya koma kalma biyar, ya koma uku. Ni kuma duk abin da ya bari sai in cike, ina ganin hidima nake yi. Wata Alhamis kalma biyu kawai ya iya. Na zage na cika sauran duka, tas, na bar dogon layin fari fat a tsakiya, alhali kalmomin da ke ratsa shi duk na rubuta kansu da ƙafarsu, ko makaho ya san na san harufan. Har ina alfahari, ina cewa yau na gyara wa dattijo kwano.

Da safe ya kai gilashi ya daɗe bai motsa ba. Ya kira mai kafe ya yi masa magana da Larabci, murya sama, abin da bai taɓa yi ba. Mai kafe ya nuna ni da haɓa. Tsohon ya juyo, karo na farko ya dube ni sosai, daga tsumman kafaɗata har silifas.

"Kai ne?"

"Ni ne, Ammi."

Ya duƙa ya yi rubutu, ya sa gilashinsa a aljihu, ya fita ya bar kofinsa cike. Na jira har mutane suka ragu na ɗauko. Dogon layin na nan fari. A gefe ya rubuta, "Idona ne ya mutu, kaina na nan. Ba na karɓar sadaka."

Washegari bai zo ba. Mako ya wuce, na biyu ya shiga. Kullum ƙarfe tara sai in goge teburin taga in gyara kwanon sukari, wani ya zo ya zauna. Da farko zuciyata ta ce mini ai dama, ya ga baƙi ne mai shara shi ya sa. Wataƙila akwai wannan a ciki, ban rantse ba. Amma da na yi ta juya maganarsa sai na ga abin da idonsa. Mutum ya yi shekara arba'in yana kama kuskuren wasu, yanzu ido ya ci amanarsa, sai ga wani a ɓoye yana cike masa komai yana bar masa guda ɗaya a fili, kamar yadda ake barin yaro ya ci dara don kada ya yi kuka. Abin da na miƙa da sunan girmamawa, a hannunsa tausayi ya zama. Kuma ni na jawo, da rowar bayani. Kalma biyu na rubuta masa inda ya kamata in rubuta goma.

Abin ya hana ni sukuni. Na saba da raini, wannan bai dame ni ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne mutum ɗaya tak da na samu a ƙasar nan ya tafi yana ganin na wulaƙanta shi.

Lokacin kuwa ana kame. Mu marasa takarda daga wurin aiki sai wurin kwana, ta lungu, kai a ƙasa. Na roƙi mai kafe ya kwatanta mini gidan. Ya ce ba ni da hankali, unguwar ba a ganin irina a cikinta sai a sa ido. Na nace. Ya zana mini a bayan takardar sukari, ya ce in an kama ni bai san ni ba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sa rigata da na wanke, na kama hanya. Tafiyar ba ta fi rabin awa ba, amma na fi jin tsawonta a kan yini da rabin nan na hamada. Kowace mota ta rage gudu sai in raɓe jikin bango. Wata mata ta ja jakarta ta ƙetare titi. Na hau bene hawa uku na ƙwanƙwasa.

Wata mace ta buɗe, sarƙar ƙofa na maƙale, rabin fuskarta kawai nake gani. 'Yarsa ce. Ta ce ba sa buƙatar mai aiki. Na ce ba aiki nake nema ba, ni ne mai cika jaridar babanta a kafe. Fuskarta ta canza, ta ce ai ta ji labarina, baban ba ya son ganin kowa. A bayanta ina jin rediyo na magana a wani ɗaki. Sai na ji an rage muryarsa. Na san yana saurare, don haka na ɗan ɗaga tawa.

"Madam, sunana Lawali. A ƙasarmu malamin makaranta ne ni. Ki gaya masa a wajenmu in ana cin abinci kwano ɗaya da babba, yaro ba ya taɓa naman da ke tsakiya. Ba don babban ba ya iya samo nama ba ne. Don shi ne babba. Sai ran da ya ga dama ya tura wa yaron ya ce ɗauki. Wanda ya koya mini wasan nan haka muke yi da shi, dogon layi shi ne naman. Ban san wata hanyar girmama mutum ba sai wannan. In na yi kuskure ya yafe mini."

Daga ciki ba a ce komai ba, ko tari. Ta ce za ta gaya masa, ta rufe ƙofa a hankali. Na tsaya kaɗan ko za a sake buɗewa. Na ji rediyo ya koma yadda yake, na sauko.

Mako uku ba labari. Sau ɗaya na sayi jaridar da kaina na cika a wurin famfo, na ji kamar tuwo ba miya, ban sake ba. Na fara gaya wa kaina cewa Mai Kireyo ya mutu, saura Kamarad, kuma Kamarad ɗin ma ya kamata ya fara tunanin hanyar gida.

Wata Talata mai kafe ya aike ni kasuwa ɗauko buhun sukari. Da na dawo ya ce na yi rashin sa'a, yanzun nan taksi ta tashi daga ƙofa cike da akwatuna. 'Yar ta zo ta tafi da tsohon garin da take aure, can wajen Tilimsan, ba zai iya zama shi kaɗai ba kuma. Shi bai fito daga motar ba. Ita ta shigo ta bar mini wannan. Ya miƙo jarida naɗe, ta yi laushi don shan hannu.

Na buɗe shafin baya. Akwatin Alhamis ne, mai wuyar. An cika shi da jan bik, manyan harufa karkatattu, wasu sun hau kan baƙaƙen gidaje, wasu an maimaita su sau biyu sau uku har takarda ta huje. Mai kafe ya ce 'yar ta ce kwana tara ya yi a kansa, hancinsa a kan takarda, ta ce ta karanta masa ya ƙi, ta ce ta riƙe masa bik ya kore ta. Na ga kuskure biyu a ƙasa wajen dama. Ban taɓa su ba, har yau suna nan yadda ya bar su, a cikin akwatin ƙarfena a Korgom.

A tsakiya dogon layi na nan fari, gida goma. A gefe, da rubutun da ya gangara kamar zai faɗi daga shafin, ya sa, "Ɗauki naman, Mushe Lawali."

Ban san lokacin da na ja kujerar taga na zauna ba. Mai kafe ya taho zai yi magana, ya dubi fuskata, ya koma bayan kantarsa. Na ciro kireyo. Bayanin ya ce, tana ƙetare teku da hamada kowace shekara, ba ta nuna wa kowa takarda. Tsattsewa ce, a Faransanci harafi goma cif. Na rubuta a hankali, harafi ɗaya gida ɗaya, ina taɓe baki kamar Mushe Illa ba tare da na shirya ba. Da na sa na ƙarshe sai na ɗaga kai, na juya jaridar zuwa ɗaya gefen teburin don a duba mini.

Kujerar ba kowa. Na naɗe jaridar na sa cikin riga wajen ƙirji, na mayar da kujera yadda take, na ɗauki tsintsiya.